Da me za ka gina manhajar shago? Fara duba kwamfutar mai shagon

Duk wanda ya taɓa rubuta wa mai kemis ko mai sayar da taki manhajar lissafi a ƙauyukanmu na Jigawa ya san kiran nan. Ranar kasuwa, rana ta take, sai waya ta yi ƙara: "Malam, abin naka ya ƙi buɗewa, ga mutane sun cika min shago." Kai kana Dutse ko Kano, shi yana can wajen Gujungu. Kuɗin motar zuwa da dawowa ya kusa cinye ribar aikin. Shi ya sa idan ƙannenmu masu koyo suka tambaye ni da wane yaren rubuta kodi za su gina manhajar kwamfuta, ba na fara da wanda ya fi kyan gani. Tambayata ita ce, wanne ne idan ya lalace za ka iya gyara shi ta waya, da bakin mutumin da bai taɓa jin sunan fayil ba?

Ka fara da ganin kwamfutar da idonka. Yawancin waɗanda nake tararwa a shaguna na hannu ne, an sayo su a Kano, ram ɗinsu, wato ƙwaƙwalwar aikinsu, gigabayit 4, wani lokaci 2, batirin ya mutu ko yana gargara, fankar ta sha ƙurar hunturu. Wasu har yanzu Windows 7 ne a kansu, duk da Microsoft ya daina kula da shi tun 14 ga Janairun 2020, kuma Windows 10 ma wa'adinsa ya cika a 14 ga Oktoban 2025. Wannan kaɗai yana rage maka zaɓi tun kafin ka rubuta layi ɗaya. A yaren Python, 3.8 shi ne na ƙarshe da ke aiki a Windows 7. Electron, mai gina manhaja da fasahar shafin intanet, ya tsaya a na 22. Qt 6, kayan gina fuskar manhaja, ba ya hawa kansa ko kaɗan. Ka duba kuma ko na'urar mai bit 32 ce ko 64, domin abin da ka haɗa don 64 ba zai ko motsa a kan 32 ba.

Mafi sauƙin farawa shi ne Microsoft Access, ko Excel da ɗan VBA, yaren kodin da ke cikinsu. Cikin kwana biyu ka haɗa fom, ka fitar da rasit, mai shago ya yi murna. Ga makarantar Islamiyya mai son rajistar ɗalibai a kwamfuta ɗaya, ba laifi. Amma fayil ɗin Access ba ya wuce gigabayit 2, kuma ba ya son a ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu. Nan ne yake lalacewa, ka koma kana lallaɓa shi da Compact and Repair kana addu'a. Sannan wurin rubuta VBA bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Teburin yana adana su lafiya, amma cikin kodin sai ka kira su da lamba, kamar ChrW(409) a madadin ƙ. Ni ba na ɗora dukiyar mutum a kansa inda wuta ba ta da tabbas.

Python ne yaran yanzu suka fi sani, kuma ina son sa. Da kayan gina fuska irin su Tkinter, wanda yake zuwa tare da shi, ko PySide, za ka yi manhaja mai kyau. Matsalarsa ba a rubutu take ba, a kai kaya take. Kwamfutar mai shago ba ta da Python, dole ka ƙunshe komai da PyInstaller. Idan ka zaɓi a dunƙule shi fayil guda, duk lokacin da aka buɗe sai ya kwance kayansa a wani wuri na wucin gadi kafin ya tashi, a tsohon faifai kuwa wannan jira ne mai tsawo, har mai shago ya sake dannawa sau uku. Kuma irin wannan dunƙulen ne manhajojin kashe bairos suka fi zargi, su kama shi su kulle ba da laifin komai ba. Ka bar shi a matsayin folda, ka yi masa mai girkawa da Inno Setup, wanda kyauta ne. Wanda zai sayar da aikinsa kuma ya lura: PyQt, ɗan'uwan PySide, lasisinsa GPL ne, mai wajabta buɗe kodinka, ko na kuɗi, PySide kuwa LGPL ne, ya fi sassauci ga mai kasuwanci.

Electron ba zan daɗe a kansa ba. Da shi aka gina VS Code, manhajar rubuta kodi, kuma wanda ya iya gina shafin intanet zai ji kamar a gida yake. Sai dai kowace manhaja tana tafe da burauzar Chromium sukutum a cikinta, ko ba ta yin komai ta haura megabayit 100 bayan an girka, ga cin ram. A ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, aika gyara mai wannan nauyi azaba ne. Java ma tana aiki, amma sai ka haɗa ta da injinta, ga nauyi a ƙaramar na'ura.

Wanda na fi ba mutane shawara a kai shi ne C# da Windows Forms a kan .NET Framework 4.8. Ba sabon yayi ba ne, fuskarsa ma ta tsufa. Amma 4.8 yana zuwa a cikin Windows 10 tun sabuntawar Mayun 2019, yana cikin Windows 11, kuma ana iya ɗora shi a Windows 7 mai SP1. Ma'ana abin da za ka aika ƙarami ne, yana wucewa ta WhatsApp ko da sabis na rarrafe. Visual Studio Community, inda ake rubuta C#, kyauta ne ga mai aiki shi kaɗai, sai dai saukar da shi na cin data sosai, gara ka yi a gari. Akwai kuma Lazarus, mai amfani da yaren Pascal, wanda ke fitar da fayil guda da ba ya neman komai a gefe. Abin kirki ne ƙwarai, amma masu iya shi a kusa da mu kaɗan ne, ranar da ka maƙale ba lallai ka sami wanda za ka tambaya ba.

To, ko wanne ka ɗauka, akwai cututtukan da ba sa barin kowa, kuma a nan ne ake gane gwani.

Na farko wuta. Na taɓa zuwa shagon wani dattijo mai sayar da iri da maganin feshi, ana shirin damina. Yaronsa na shigar da cinikin buhu goma, inji ya shaƙe ya mutu, kwamfutar tebur ce ba batir. Da aka tayar, kuɗin ya shiga lissafi amma kayan ba su ragu a sito ba. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, to wa zan yarda da shi, littafina ko na'urarka?" Tun ranar nake amfani da ma'adanar bayanai ta SQLite, wadda Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000, kyauta ga kowa. Sirrin shi ne ka ɗaure shigar kuɗi da rage kaya a ƙulli ɗaya: ko su shiga tare, ko kada ko ɗaya ya shiga. SQLite yana ajiye wani ɗan fayil a gefe da yake mayar da komai yadda yake idan wuta ta yanke a tsakiya. Ka gargaɗi yaron shago kada ya goge wannan ɗan fayil don ya ga baƙo ne. Kada kuma ka ajiye ma'adanar a folda ta tarayya don kwamfuta biyu su yi rubutu a ciki. In aiki ya kai haka, babbar ma'adana irin PostgreSQL ake nema. Mai shago kuwa, in zai sayi na'ura, ya sayi laftof mai batir mai rai, ya fi masa ta tebur ko da ta fi ƙarfi.

Na biyu daskarewa. Idan taga ta yi kamar daƙiƙa biyar ba ta amsa wa Windows ba, sai ta yi fari-fari a rubuta Not Responding a samanta, mai shago kuma ya danna maɓallin kashewa. Galibi ba lalacewa ta yi ba, kai ne ka ɗora mata aiki mai nauyi, kamar haɗa rahoton shekara, a kan zaren, wato layin aikin, da ke kula da fuska. Ka tura aikin bayan fage, da Task.Run da await a C#, ko threading da after a Tkinter, ka nuna wa mutum alamar cewa ana aiki.

Na uku shi ya fi ci min rai, domin namu ne. Ka rubuta Ɗanladi ko Ƙaura, ka buɗe rahoto ka ga alamar tambaya a wurin harafin farko. Tsohon tsarin haruffan Windows na yammacin Turai, mai lamba 1252, ba shi da ƙ, ɗ, ɓ, ba shi ma da alamar ₦. A Python ka riƙa faɗa wa open, mai buɗe fayil, cewa tsarin haruffa na utf-8 kake so, in kuma Excel ne zai buɗe fayil ɗin, ka sa utf-8-sig. Ƙananan firintocin rasit masu takarda milimita 58 ko 80 su ma yawanci ba su san haruffanmu ba, mafita ita ce ka tura rasit ɗin a matsayin hoto. Kada ka yarda da shawarar a rubuta k kawai a wuce. Sunan mutum ne, kuma a littafin bashi kuskuren suna rigima yake haifarwa.

Sauran ƙanana ne amma suna cizo. Saƙon cewa babu VCRUNTIME140.dll na nufin a girka Visual C++ Redistributable, ka riƙa yawo da shi a filasha, na 32 da na 64. Kada manhajarka ta adana bayanai a Program Files, Windows zai hana ta, AppData ne wurinta. Kuɗi ka lissafa su da kwabo, lamba cikakkiya, domin lamba mai ɗigo tana ɓatar da 'yan canji idan aka tara. In ka ga rasit na fita da kwanan watan shekarun baya, ba kodinka ba ne, ɗan batirin agogon cikin na'urar ne ya mutu, CR2032 a yawancinsu. Ka sa manhajar ta ƙi karɓar ciniki idan kwanan yau ya gaza na cinikin ƙarshe.

Zaɓina ke nan: C# da SQLite ga yawancin shaguna, Python in shi hannunka ya saba da shi kuma ka yarda da wahalar ƙunshe shi, Access ga ƙaramin aikin da ba na kuɗi ba. Kafin ka miƙa aiki, ka samo tsohuwar kwamfuta wadda ba ka taɓa rubuta kodi a kanta ba, ka girka, ka cire batir, ka fizge wayar wuta ana tsakiyar ciniki, ka tayar ka ga abin da ya rage. Sannan ka sa manhajar ta riƙa rubuta duk kuskuren da ya faru a fayil guda, da babban maɓalli a fuskarta da zai kwafe shi tare da ma'adanar zuwa filasha. Ranar da Alhaji ya kira daga kasuwa, sai ka ce, "Ranka ya daɗe, a danna koren maɓallin nan, yaro ya turo min abin da ya fito."