Yadda za ka ɓoye mahaɗar katako a tebur: me ya kamata ka saya, me za ka bari a shago

Duk wanda ya taɓa haɗa teburin karatu ko na kwamfuta da hannunsa ya san katako ɗaya ba ya isa. Wanda ake sayarwa a kasuwa galibi inci 12 ne faɗinsa, kai kuma kana son tebur mai faɗin ƙafa 2 ko fiye, dole ka jera biyu ko uku. To wannan layin da ke tsakaninsu shi ne ciwon kan. Mutane suna yawan tambayata wace fila, wato abin da ake cike rami ko tsaga da shi, za su saya su toshe, ni kuma amsata ba ta canzawa: kafin ka kashe ko sisi a kan fila, ka kashe kuɗin a kan gyaran gefen katakon da farin gam mai kyau.

Abin da na fi yarda da shi kenan. Ka ɗauki katakon ka kai wajen masu inji, a Kano akwai su a 'Yan Katako na Na'ibawa da Rijiyar Lemo, a Kaduna akwai Panteka, ka ce a fere maka gefen ya miƙe sak. Kada ka bar wajen sai ka gwada. Ka ɗora gefen ɗaya a kan ɗayan ka ɗaga su saitin rana, in ka hango haske yana ratsowa ta tsakani ka ce malam a sake, ko da zai ɓata rai, don wannan ɗan hasken shi ne zai zama ramin da ƙura da ɓarɓashin fensir za su riƙa taruwa a ciki. In gefe biyu suka zauna da juna daidai, farin gam irin su Top Bond ko Fevicol ya wadatar, ka shafa siriri a duka gefen, ka matse. Haɗin da aka yi haka ya fi katakon kansa ƙarfi, in ka karya za ka ga katakon ne ya yage ba layin gam ɗin ba. Kuma kafin ka shafa gam ka yi ta jujjuya katakan kana jera su har sai ka sami inda zanen jikinsu da launinsu suka yi kama, wannan kyauta ne ba ka biyan komai amma shi ne rabin ɓoyewar. Madaci mai duhu kusa da mai haske, ko aljani ne ya haɗa sai an ga layin.

Maganar matsewa, in kana da kuɗin kilam, wato ƙarfen matse katako, uku ko huɗu ka saya ko ka ara a wajen kafinta. In babu, tsohon tub na babur ka yanka shi tsiri-tsiri ka naɗe katakan da ƙarfi, ka sa guntayen katako a gicciye sama da ƙasa don kada su tashi. Ka bar shi ya kwana, awa 24. Sannan ga wani abu da mutane ba sa yi: kada ka yi saurin goga samfefa. Ruwan da ke cikin gam yana kumbura katakon da ke bakin layin, in ka goge a ranar, bayan ya bushe sai wurin ya lotsa ka ga wani siririn kwari a tsakiyar tebur. Ka ba shi kwana 2 ko 3, ka fara da samfefa mai kaushi lamba 80, sai 120, ka ƙare da 180 ko 220. Garin da ya zuba a gugar ƙarshe ka tara shi a leda, in akwai ɗan ramin da ya rage ka kwaɓa garin da gam kaɗan ka cusa. Kaɗan fa, saboda gam ba ya shan kala, inda ya yi yawa zai fito fari-fari bayan ka shafa banish.

Sauran abubuwan da za a nuna maka a shago. Filar mota ta masu gyaran bodi, in fenti za ka yi wa teburin ta rufe na ɗan lokaci, amma ba ta motsi tare da katako, tana tsagewa. Silikon, manta da shi, fenti ma ba ya kama shi. Supa gulu da garin katako na ƙaramin rami ne kuma yana yin baƙi. Gam ɗin Araldite yana cike gibi da kyau sai dai tsada, kuma ana ganinsa. Fomaika tana rufe komai amma gara ka manna ta a kan filawud, wanda dama faɗinsa ƙafa 4 tsawo 8 ne, babu mahaɗar da za ka ɓoye tun farko. In kuma katakan sun ƙi zama, ka ɗan zaftare bakin kowanne ya zama siririn layi mai kyau kamar da gangan aka yi, wannan ya fi fila mutunci.

Yanzu ga inda aka cuce ni, kuma wallahi har yau abin yana min zafi. Teburin farko da na haɗa wa 'yata na karatu, da damina na sayi katakon, mai rumfar ya rantse min busasshe ne ya daɗe a ajiye. Na yi duk abin da na lissafa a sama, tebur ya fito sumul, ka shafa hannu ba za ka ji inda aka haɗa ba. Hunturu na shigowa, wata rana da daddare muka ji ƙas kamar an karya kara. Da safe na duba, tsaga ce tun daga wannan baki har wancan, har katin waya yana shigewa. Ɗanyen katako ne. Shi katako ta faɗi yake motsewa ba ta tsawo ba, kuma iskar hunturunmu tana zuƙe duk wata laima da ke jikinsa, to in ɗanye ne babu gam ɗin da zai riƙe shi a duniya. Na ƙara da nawa kuskuren, na buga katakon gicciye ta ƙasa da ƙusa ƙam-ƙam, ban bar masa wurin motsi ba. Yanzu sukuru nake sawa, in ɗan tsawaita ramin ta gefe yadda saman zai iya ja da baya ya dawo.

Don Allah kada ka yarda da maganar mai sayar da katako kawai. Ka ɗaga katakon, ɗanye ya fi nauyi nesa ba kusa ba, ka ɗora tafin hannu za ka ji sanyi-sanyi. Ka ce a yanko maka ɗan guntu daga baki, in garin ya dunƙule a hannunka maimakon ya watse to da ruwa a ciki. Wasu suna shanya shi a rana kwana biyu saman ya yi fari cikin kuwa jagab. Wasu kuma farin katako suke shafa wa jar kala su ce maka madaci ne, ka kankare da farce ko makulli za ka ga farin ya leƙo. Ko ka gamsu ma, ka kai gida ka jera a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska na ratsawa, ya yi makonni kafin ka taɓa shi.

Gam ma bai tsira ba. Akwai masu tara tsofaffin robobi na kamfani su cika da gam ɗin da aka tsinka da ruwa, wani har da farar hoda don ya yi kauri, musamman wanda ake aunawa a leda ko a gwangwani. Ka sayi mai murfi a liƙe, ka duba ba a taɓa buɗe shi ba. Mai kyau in ya bushe a yatsa yana ɓarewa kamar fata kuma kusan garau yake, na bogi fari fat yake zama yana marmashewa. Ni dai yanzu duk robar da na saya sai na manne guntaye biyu na bar su sun kwana, da safe na sa guduma na doke, in suka rabu tas a kan layin ba tare da katakon ya yage ba, a ranar nake mayar wa mai shago kayansa.