Adirenalin ko kulonidin a allurar kodal ta yara, wanne ne ke rage shigar magani jini?

Sista, tambayarki ita ce in za a yi wa yaro kodal, wato allurar kashe zafi da ake yi a can ƙasan gadon baya, don aikin gwaiwa ko kaciya, wanne ya fi hana bupibaken, maganin kashe zafin da ake turawa, shiga jini da sauri, adirenalin ko kulonidin? To ai aikinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa ake rikicewa.

Adirenalin shi ne mai taɓa shigar magani jini kai tsaye. Yana matse ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikin efidural ɗin, wato sararin da ke kewaye da rigar laka inda ake zuba maganin, sai maganin ya riƙa shiga a hankali, yawan da zai taru a jini lokaci guda ya ragu. Ma'aunin da aka saba shi ne 1:200,000, wato maikorogiram 5 a kowane mil. Da lidoken, shi ma maganin kashe zafi ne, tasirinsa ya fi fitowa, shi ya sa ake kai lidoken har miligiram 7 a kowane kilo in da adirenalin a ciki, amma bupibaken kam ko an sa ko ba a sa ba ni ba na wuce miligiram 2.5 a kilo, kuma tsawon lokacin da adirenalin yake ƙara masa ba wani na a zo a gani ba ne. Amfaninsa na biyu wanda ni na fi ɗauka da muhimmanci, yaron yana bacci ba zai ce miki kunnensa na ƙara ko bakinsa ya mutu ba, waɗanda su ne alamun farko na gubar maganin, to in allura ta faɗa jijiya adirenalin ne zai tona, ki ba da ɗan kaɗan tukuna idonki a kan monita, in kika ga tudun T na zanen bugun zuciya ya miƙe sama ko bugun zuciya ya ƙaru da 10 ko fiye a minti, ki dakata nan take.

Shi kuma kulonidin a kan laka yake aikinsa, yana danne saƙon zafi, maikorogiram 1 zuwa 2 a kilo yana ƙara awanni kafin yaro ya fara kukan ciwo. Amma kar ki sa shi da tunanin ya kare ki daga gubar bupibaken, ba don haka ake sa shi ba. Kuma yana sa bacci, yana iya sauke bugun zuciya da hawan jini, jarirai sabbin haihuwa da bakwaini kuwa an sha ganin numfashinsu ya ɗauke, don haka ƙasa da wata 3 a bar shi kawai, balle a wajen da babu mai zama kan yaro da dare.

Abin da ya sa muke wannan taka-tsantsan, jariri furotin ɗin da ke riƙe maganin a jini kaɗan ne, hantarsa ma ba ta gama nuna ba, ga jininsa na gudu da sauri, sai maganin da ke yawo sakaka ya fi na babba ko da lissafin kilo daidai ne.

In damuwarki jini ce, adirenalin. In tsawon sauƙin ciwo kike nema ga yaron da ya ɗan tasa, kulonidin, wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba. Ko wanne kika ɗauka ki ja sirinji ki duba jini, ki tura kaɗan-kaɗan, intiralifid 20%, maganin da ake bayarwa in gubar ta taso, na kusa, mil 1.5 a kilo ake farawa da shi.