College Hoops 2K8: Tauraro Biyar Ba Shi Ne Komai Ba

Ni dai tela ne a Shara Mansur nan Makka, sai bayan isha'i nake samun sukunin kunna tsohuwar PlayStation 3 ɗin ƙanina. Wasan nan na ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka tun 2007 ya fito, ɗan wasa Greg Oden ne a jikin kwalinsa, amma har yau ban gaji da shi ba.

Abin da ya kama ni shi ne ɗibar 'yan wasa. Kai ne kociyan ƙaramar jami'a a Amurka, ana jera maka yaran sakandare, kowa da taurarinsa, daga ɗaya zuwa biyar. Shekarata ta farko kwaɗayi ya ja ni, na ƙare lokacina kaf wajen zawarcin wani mai tauraro biyar. Yaro ya yi ta ja min rai, daga ƙarshe ya tafi babbar makaranta ya bar ni da hamma. Ƙanina har da buga ƙasa: "Yaya, ai kai ba sa'an babbar jami'a irin Duke ba ne!"

Da na dawo hayyacina sai na koma kan masu tauraro uku, na daina kallon jimillar maki kawai. Na tsinci wani dogo, makinsa bai taka kara ya karya ba, jifansa abin tausayi, amma akwai tare ƙwallo a gindin raga, kuma alamar zai bunƙasa tana sama. A shekararsa ta uku shi ya riƙe min tsakiya.

Hotunan sun tsufa, gaskiya. Daren jiya ma sai ƙarfe biyu na kashe, ga jallabiyoyi huɗu suna jiran aljihu.