BVAS: ta iya tantancewa, amma ba ta gane wakilin da aka saye

BVAS, na'urar INEC a zaɓen 2023, da zanen yatsa take tantance mai zaɓe. In yatsa ya ƙi, kamar na manomin da fartanya ta cinye, sai ta duba fuska. A nan ta cancanci yabo, domin ƙuri'u na zarce adadin da ta tantance ake soke sakamakon rumfar.

Rauninta wajen tura hoton fom EC8A (takardar sakamakon rumfa) zuwa IReV (shafin INEC na duba sakamako a intanet) yake: ranar 25 ga Fabrairu sakamakon shugaban ƙasa ya maƙale. Abin da ya fi ciwo, ba ta gane wakilin jam'iyya a rumfa da abokin hamayya ya saye da daddare, ya sa hannu ya yi gum. Don haka sai ɗan takara ya tabbata amintaccensa ya karɓi kwafin fom kafin a watse.