Katin Cowry na Legas: abin da na gani daga Agege

Ni ɗan kasuwa ne a Agege, kuma duk wanda ya san motocin danfo ya san rigimar canji. Ka ba kwandasta dubu ɗaya, ya haɗa ka da wani fasinja ya ce ku je ku raba. Katin Cowry, wato katin biyan kuɗin sufuri na Legas, ya raba ni da wannan. Na zuba kuɗi a ciki, na ɗora shi a kan na'urar da ke bakin ƙofa, ta yi ƙara, na wuce. Ba ciniki, ba cacar baki.

Abin da ya fi burge ni shi ne kati ɗaya ya isa. Da shi nake shiga motar BRT, wato babbar bas mai bin layinta na musamman, da shi ake shiga jirgin ruwa, da jirgin ƙasa na Blue Line da ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2 a watan Satumba na 2023. Mu namu shi ne Red Line, wanda ya fara aiki a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi. Tafiyar da a da cunkoso ke cinye min rabin safiya, yanzu a zaune nake yin ta ina duba lissafin kaya a waya. Shawarata ga baƙo: ka zuba kuɗi tun da yamma, don da sassafe layin mutane yakan yi tsawo.

Amma fa wannan aikin jiha ɗaya ne, hukumar sufurin Legas, LAMATA, da wani kamfanin matasan ƙasar nan, Touch and Pay. A nan nake jin takaici. Indiya a 2015 gwamnatin tarayya ce da kanta ta zaɓi birane 100 ta ware musu rupi biliyan 480 don zamanantar da su. Singafo ta ƙaddamar da shirinta na Smart Nation, na tafiyar da harkokin ƙasa da fasahar zamani, tun 2014. Ruwanda ma, ƙanƙanuwa da ita, motocin Kigali sun daɗe da komawa kati. Mu kuwa muna da TETFund mai ba jami'o'i kuɗin bincike, kuma ina ganin kamata ya yi a ware wani kaso musamman don sufurin birane, a sa Bayero da ABU su zauna su nazarci zirga-zirgar 'yan adaidaita sahu a Kano, a san wace hanya ce ke buƙatar babbar mota.

Katin dai ya biya ni. In za ka kwana biyu a Legas, ka saye shi a tashar farko da ka samu.