Firefox, Brave da Opera Mini: wace ce ta isa ta karɓi aikin Chrome a wayarka?

Kusan duk wayar Android da aka sayo a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da Chrome take zuwa, wato burauzar Google, manhajar buɗe shafukan intanet, kuma Tecno da Infinix da itel kan haɗa da wata burauzar mai suna Phoenix. Yawancin mutane da abin da suka tarar suke zama har wayar ta tsufa. Chrome ba ta da matsalar sauri ko tsaro. Aibinta ɗaya ne, amma babba ne ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa: a waya ba ta karɓar manhajar toshe talla. Google da talla yake cin abinci, don haka ba abin mamaki ba ne. Tsarin rage cin data da take da shi a da ma an cire shi a 2022, lokacin da Chrome 100 ta fito.

Ka buɗe shafin labarai ko na sakamakon ƙwallo. Rubutun da ka zo karantawa bai taka kara ya karya ba wajen cin data. Masu cinye ta su ne bidiyon da ke kunna kansa a ƙasan allo, da hotunan talla masu canzawa, da 'yan manhajojin ɓoye da ke bibiyar inda ka shiga. Su ne kuma ke sa waya ta ɗauki zafi, caji ya zube da wuri, abin da ba ƙaramin asara ba ne a unguwar da wuta ba ta zama. Ga tallan caca da hotunan da ba su dace ba, a wayar da yara ke ara su yi aikin makaranta. Wannan kaɗai ya isa dalilin sauyawa.

Firefox ce zaɓin da ya fi ƙarfi a nan. Mozilla ce ta fitar da ita tun 2004, kuma da injinta na kanta take aiki, Gecko, ba na Google ba. A Android tana karɓar ƙananan manhajojin ƙari, wanda ya fi muhimmanci a cikinsu shi ne uBlock Origin, mai toshe talla. Ka sauke Firefox daga Play Store, ka taɓa ɗigo ukun nan, ka shiga Extensions, ka nemo uBlock Origin ka ƙara shi. Kyauta ne, kuma saitin da ya zo da shi ya wadatar. Kada ka jibga masu toshe talla biyu ko uku tare, karo suke da juna su lalata shafi. Bayan haka shafin da a da sai ka rufe tagogi uku kafin ka ga kanun labari zai buɗe fes.

Inda take da rauni shi ne ƙaramar waya. Idan RAM ɗinta 2GB ne, za ka ga ta ɗan yi nauyi, kuma in ka fita zuwa WhatsApp ka dawo, sau da yawa sai shafin ya sake lodi daga farko. Wayar ce ke kashe ta don ta samu wuri. Rage yawan shafukan da ke buɗe yana taimakawa. Akwai saitin da ke rufe su da kansa bayan kwana ɗaya ko mako ɗaya. Abu na biyu, fassara. Chrome na juya shafi zuwa Hausa ta hanyar Google Translate, mai fassarar cikin Firefox kuwa harsunansa ba su da yawa, kuma babu Hausa a ciki.

Brave ta wanda ba ya son wahalar saiti ce. An gina ta a kan Chromium, tushe ɗaya da Chrome, shi ya sa duk wanda ya saba da Chrome ba zai ɓata ba, kuma shafuka sun fi buɗewa daidai a cikinta. Mai toshe tallan a jikinta yake, yana aiki tun buɗewar farko. Tana kuma da saitin da ke barin sautin bidiyo ya ci gaba ko an kashe allo, wanda mai sauraron tafsiri ko karatu yana tsaye a shago a Kwari zai ji daɗinsa. Abin da ya rage mata kwarjini shi ne tarkacen da ta ɗauko: asusun kirifto, da tsarin lada na kallon talla, da tallan VPN na kuɗi. Ba dole ba ne ko ɗaya. Ka shiga saiti ka kashe su, ka kashe hotunan talla na sabon shafi, sai ta koma burauza tsaf.

Opera Mini aikinta daban ne, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. A matakinta mafi tsanani na tsimin data, ba wayarka ce ke ɗauko shafin kai tsaye ba. Manyan kwamfutocin kamfanin Opera ne ke ɗauko shi, su matse hotuna, su rage nauyi, sannan su turo maka. Kamfanin na cewa tsimin kan kai kashi 90 cikin ɗari. Don karanta labarai a inda sabis ya yi rauni, a hanyar ƙauye ko cikin cunkoson kasuwa, babu kamarta. Amma shafin da ke buƙatar cike fom yakan rikice: maɓalli ya ƙi dannuwa, jerin zaɓin jiha da ƙaramar hukuma ya ƙi sauka, shafin biya ya tsaya a tsakiya. Kuma tunda komai ta kwamfutocinsu yake bi, ba wurin saka lambar katin banki ba ne. Remita, rajistar JAMB, shafin makaranta, duk a yi su a wata burauzar. Ita kanta tana da nata tallan da sanarwar labarai, sai an shiga saiti an rage su.

Masu shagon buga takardu da cike fom a bakin BUK da sauran makarantu, ku duba kwamfutocinku. Wadda har yanzu take kan Windows 7, Chrome 109 ce ta ƙarshe da ta samu, tun farkon 2023, Edge, burauzar Microsoft, ma haka. Ma'ana ramukan tsaron da aka gano bayan nan ba a toshe su ba, alhali a kanta ɗalibai ke saka kalmar sirri da lambar kati. Firefox 115 ESR ta ci gaba da samun gyaran tsaro a Windows 7 bayan Chrome ta daina, don haka ita ta zama mafaka kafin a sabunta Windows ɗin kwamfutar. A sababbin kwamfutoci kuma, sauyin dokar manhajojin ƙari da Google ya yi, Manifest V3, ya fitar da cikakken uBlock Origin daga Chrome. A Firefox yana nan yana aiki.

Wajen ƙaura, kalmomin sirri ne ke ba da wahala, domin da yawa ba su san nasu ba, Chrome ce ke tuna musu. A kwamfuta abin da sauƙi: Firefox da Brave duka suna da wurin shigo da bayanai daga wata burauza, su kwaso alamomin shafuka da tarihi da kalmomin sirri. Zuwa waya kuma, hanya mafi tabbas ita ce a fara a kwamfuta sannan a haɗa. Firefox na buƙatar asusu da imel, Brave kuma lambar QR ko jerin kalmomi take bayarwa. Idan sai ka fitar da kalmomin a fayil ɗin CSV, ka sani a buɗe suke, duk wanda ya samu fayil ɗin zai karanta su. Ka goge shi da zarar ka gama, har daga kwandon shara, kuma kada ka yi wannan aikin a kwamfutar shago.

Daga nan ka shiga saitin waya, Apps, Default apps, ka zaɓi sabuwar, in ba haka ba duk mahaɗin da aka turo maka a WhatsApp Chrome zai ci gaba da buɗewa. Idan wani shafi ya nemi izinin turo sanarwa, ka ƙi. Yawancin saƙonnin ƙarya na "wayarka ta kamu da cuta" daga izinin da aka bayar cikin gaggawa suke fitowa, kuma sabuwar burauza na farawa ba tare da su ba. Don ka ga bambancin da idonka, duba yawan datar da Chrome ta ci cikin mako guda a saitin amfani da data, ka kwatanta da na sabuwar a mako mai zuwa.

Kada ka kashe Chrome. Wasu shafukan hukuma da na banki da ita kaɗai aka gwada su, kuma mai toshe talla kan tare tagar biyan kuɗi bisa kuskure. In haka ta faru, kashe shi a wannan shafin kaɗai, ta alamar zaki a Brave ko ta uBlock Origin a Firefox, ka sake lodi. In ya ƙi, koma Chrome ka biya. Android System WebView ma a bar shi yana sabuntawa, wasu manhajojin da shi suke buɗe shafuka a cikinsu. Masu iPhone kuwa ribarsu ba ta kai haka ba, domin a nan duk burauza a kan injin Safari take tafiya, kuma Firefox ɗin iPhone ba ta karɓar uBlock Origin. Brave ce ta fi dacewa da su.