Sharhi kan bugun aljihu na kundin tsarin mulkin 1999 da ake sayarwa a Wuse

Kundin tsarin mulkin Najeriya na cikin littattafan da ba su da wuyar samu a Abuja, domin yana nan a shagunan Wuse da Garki, kuma masu talla na miƙo shi ta tagar mota a cunkoson titi. Sai dai kofe biyu masu bango iri ɗaya suna iya shan bamban a abin da suka ƙunsa. Bugun aljihun da na saya a wani shagon littattafai kusa da kasuwar Wuse, domin koyar da ɗaliban sakandare, ya cancanci kuɗinsa a ganina, kuma babban dalili shi ne ya shigar da gyare-gyaren da aka yi wa kundin har zuwa 2023.

Mai shagon ya ajiye mini bugu biyu a kan kanta, ya kuma ba ni lokaci in kwatanta su ba tare da gaggawa ba. Na fara da sashe na 131, inda aka faɗi shekarun mai neman shugabancin ƙasa. Mai arahar yana nan da shekara 40, alhali tun a watan Mayun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan gyaran da ya mayar da su 35, ya kuma rage na ɗan Majalisar Wakilai da na majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Daga nan na buɗe jadawali na biyu, wanda ya raba iko tsakanin tarayya da jihohi. A bugun da na zaɓa, layin dogo da gidajen gyaran hali sun bar jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, sun koma jerin da jihohi ma suke da hannu, kamar yadda gyaran watan Maris na 2023 ya tanada. Haka nan sashe na 147 ya nuna wa'adin kwana 60 da aka ɗiba wa shugaban ƙasa ya miƙa sunayen ministoci bayan rantsar da shi. Malamin da ya shiga aji da tsohon bugu zai koyar da dokar da ta daina aiki, da zuciya ɗaya, ɗalibai kuma su haddace ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayanan ƙasan shafi, waɗanda ke nuna gyaran da ya taɓa kowane sashe da shekarar da aka yi shi. Da su ne mai karatu zai gane cewa tanadin kwana 21 da ke sashe na 145, wanda ya ba majalisa damar ɗora mataimakin shugaban ƙasa a matsayin muƙaddashi idan shugaba ya tafi hutu ko ya kasa aiki kuma bai aiko da takardar miƙa ragama ba, ya shigo ne a gyaran 2010, bayan ruɗanin da jinyar marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ta haifar. Wannan na taimakawa ƙwarai wajen bayyana sashe na 9, wanda ya shimfiɗa hanyar gyara. Ana buƙatar kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa, wato sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360, sannan amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Idan kuwa gyaran ya shafi sashe na 8 mai magana kan ƙirƙiro sababbin jihohi, ko shi kansa sashe na 9, ko babi na huɗu mai magana kan 'yancin ɗan Adam, sai an samu kashi huɗu bisa biyar a majalisun tarayya. Mu mazauna Abuja ya kamata mu lura cewa ba mu da murya a matakin jihohi, tunda birnin ba shi da majalisar dokoki tasa, kuma sanata ɗaya ne ke wakiltarsa.

Inda bugun ya gaza shi ne rashin gabatarwa. Mai karatu zai tarar da buɗewar da ke magana da sunan al'ummar Najeriya, ba tare da an sanar da shi cewa gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ce ta kafa kundin da doka mai lamba 24 ta 1999 ba, bayan kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ya saurari ra'ayoyin jama'a ya ba da shawarar a koma wa kundin 1979 da 'yan canje-canje. Shi kuwa na 1979 ya samo asali ne daga kwamitin da Janar Murtala Muhammad ya ƙaddamar a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams, yayin da tsarin tarayyar kansa ya kafu tun kundin Lyttelton na 1954. Shafi uku sun isa a faɗi wannan, kuma da an yi haka da ɗalibi ya fahimci tushen muhawarar da ake ta yi kan ko a ci gaba da yi wa kundin kwaskwarima ko a rubuta sabo.

Akwai wani giɓin da ya dame ni fiye da wannan. Sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban maƙasudin gwamnati, sashe na 18 kuma ya yi maganar ilimi kyauta, amma babu wata alama a gefen shafi da ke mayar da mai karatu ga sashe na 6, inda aka hana kotuna sauraron ƙara kan rashin cika manufofin babi na biyu, wanda waɗannan sassa biyu ke cikinsa. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka yana da haƙƙin da zai iya nema a gaban alƙali kai tsaye.

Takardar tana da kauri daidai gwargwado, an kuma ɗinke littafin da zare maimakon gam, don haka shafuka ba sa zubewa. Ƙumshiyar ta jera sassa 320 ɗin a babi takwas yadda nema ba ya wahala. Rubutun jadawalai bakwai na ƙarshe ne ya yi ƙanƙanta, har mai raunin gani zai buƙaci tabarau kafin ya karanta sunayen ƙananan hukumomi.

Na tambayi mai shagon ko yana da fassarar Hausa mai ɗauke da waɗannan gyare-gyare, ya ce babu a wurinsa, kuma abin ya yi mini zafi, ganin cewa sashe na 55 da kansa ya ambaci Hausa cikin harsunan da majalisa za ta iya aiki da su. Ga malamai, 'yan jarida da ɗaliban da ke karanta Turanci, ina ba da shawarar wannan bugu, da sharaɗin mai saye ya buɗe sashe na 131 da jadawali na biyu ya duba da idonsa kafin ya miƙa kuɗi.